Haɗa Ƙananan Na'urori a Ɗakin Ɗalibi: Tambayoyi da Amsoshi daga Kebbi

Ni ɗalibin injiniyan lantarki ne a jihar Kebbi. Abin da ke cin lokacina bayan lakca shi ne haɗa ƙananan na'urori, irin su mai auna ruwan tanki, mai lura da batirin sola, da mai auna zafi da danshi a ma'ajiyar albasa. Duk abin da na haɗa nakan saki zanensa da manhajarsa ga mai so, ba tare da ya biya ko sisi ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ƙanne 'yan sakandare da abokan karatu da wasu iyaye suka fi yi mini, kuma na bar su kusan yadda suke fitowa daga bakin masu su.

Wai me ake nufi da na'ura mai buɗaɗɗen tsari?

Na'ura ce wadda mai ita bai ɓoye yadda aka yi ta ba. Zanen da ke nuna wace waya ta tafi ina, jerin kayan da ke ciki, da umarnin da aka rubuta wa ƙwaƙwalwarta, duk suna fili, kuma an ba ka izini a rubuce ka kwafa, ka gyara, ka haɗa taka, har ka sayar.

Tunanin ya fara ne daga masu rubuta manhaja. Richard Stallman ya ƙaddamar da aikin GNU na manhajar da kowa ke da 'yancin kwafa da gyarawa a Amurka a 1983, lasisin GPL da ke ba da wannan izini a rubuce ya fito a 1989. Kayan da ake taɓawa da hannu sun biyo baya. A 2005 wasu malamai a wata makarantar zane a garin Ivrea na Italiya, ciki har da Massimo Banzi, suka fitar da Arduino, wani ƙaramin allon lantarki mai ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa umarni, don ɗalibansu su sami allo mai araha, suka kuma saki zanensa. Yau da wuya ka shiga sashen lantarki na wata jami'a ko kwalejin fasaha a Najeriya ba ka tarar da shi a jakar wani ba.

Abin da ya sa na damu da shi ba burgewa ba ce. Inbata ko caja-kwantirola da aka shigo da ita, aka goge lambar da ke kan ƙwaƙwalwarta, ranar da ta mutu ta mutu ke nan, ko da mai gyaran ya fi kowa iya aiki a Jega. Wadda zanenta ke hannu kuwa ana iya ta da ita.

Yaya, da me zan fara?

Arduino Uno, allon gwaji mai ramuka wanda ba ya buƙatar liƙi, wayoyin sokawa, 'yan ƙananan ƙwayaye masu haske, resisto mai rage wuta, da mita mai auna wuta. Idan kuɗinka bai kai duka ba, fara sayen mita. Wanda ba shi da mita yana aiki ne da ka.

Aikin farko shi ne ka sa ƙwai ɗaya ya riƙa kamawa yana mutuwa. Kada ka raina shi. Allon yana fitar da bolt 5, jan ƙwai yana cin kusan 2, saura 3, ka sa resisto mai om 220, wutar da za ta wuce ta zama wajen miliamfiya 14. Ƙafar Arduino, wato inda ake soka waya a jikinsa, ba a so ta ɗauki fiye da 20. Ka ga dokar Ohm da ka haddace don WAEC ta zama abin da ke hana allonka ƙonewa. Daga nan sai maɓalli, sai sensa mai jin zafi ko danshi da makamantansu, sai ƙaramin gilashin rubutu.

Ba ni da kwamfuta. Na haƙura ke nan?

A'a. Akwai ArduinoDroid da ke aiki a wayar Android, ana haɗa wayar da allon ta igiyar OTG. Rubutu a kan ƙaramin gilashi da wahala, amma ana yi. Akwai kuma Wokwi da Tinkercad, inda za ka haɗa komai a kan gilashi ka gwada kafin ka sayi ko da resisto ɗaya, sai dai suna buƙatar data. Wanda ya sami aron kwamfuta ya sauke SimulIDE, shi ba ruwansa da intanet.

Na ji an ce Arduinon da ke kasuwa jabu ne, ɗan China. Haka ne?

Yawancinsu kwafi ne, kuma kwafin halal ne, tunda masu abin da kansu suka saki zanen. Abin da suka riƙe shi ne suna da tambari. Wanda ya buga allon ya sa masa wani suna bai yi laifi ba, mai laifi shi ne wanda ya buga tambarinsu yana cewa na asali ne.

Ƙwaƙwalwar ɗaya ce, ATmega328P. Bambancin da za ka fara cin karo da shi shi ne ƙaramin guntun da ke magana da kwamfuta: yawancin kwafi suna amfani da CH340, kuma sai ka sa wa kwamfutar manhajarsa da ake kira direba kafin ta gane allon. Da yawa sun mayar da allo lafiyayye wurin mai shago suna faɗa saboda wannan kawai. Na biyu, igiyar da ke caji kaɗai ba ta ɗaukar bayani. Canja igiya kafin ka zargi kowa.

Ina ake samun kayan a nan?

Resisto, kafasito, tiransisto, dalma da ƙarfen liƙi ana samu wurin masu sayar da kayan gyaran talabijin da rediyo a Birnin Kebbi da Sakkwato. Allo da sensa kuwa galibi sai an aika Kano, Kaduna ko Legas, a ba direba a tasha. Masu haƙuri suna yin oda daga AliExpress su jira makonni. Farashi yana bin dala, don haka ba zan faɗi adadi ba, kafin ka karanta ya canja. Dabarar da muke yi ita ce mutum huɗu ko biyar su haɗa oda ɗaya, kuɗin mota ya rabu.

Amma kada ka manta da 'yan gwangwan. Mataccen UPS yana ɗauke da rile (makunnin da wuta ke kunnawa) da tiransifoma da fanka. Tsohuwar firinta tana da injina masu juyawa taki-taki waɗanda sababbinsu ke da tsada. Ni a wurinsu na fi koyon karanta lambar kaya, don sai ka duba kowane guntu ka nemo takardar bayaninsa kafin ka san abin da ka tsinto.

ESP32 ko Raspberry Pi, wanne ya fi?

Ba aiki ɗaya suke yi ba. ESP32, wanda kamfanin Espressif na Shanghai ya fitar a 2016, ɗan'uwan Arduino ne mai ƙarfi, da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa. Ka kula, bolt 3.3 yake so a ƙafafunsa, ka ba shi 5 ka yi asara. Raspberry Pi, da ya fito daga Ingila a 2012, cikakkiyar kwamfuta ce mai Linux, mai cin wuta, kuma idan aka ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu katinsa na iya lalacewa. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wannan ba ƙaramin aibi ba ne. Ban da haka ma, ba a saki dukkan zanensa ba kamar na Arduino. Ni dai kashi tara cikin goma na abin da ɗalibi zai so ya haɗa a nan, ESP32 ya ishe shi.

Na bi bidiyo daki-daki, abin ya yi aiki a ɗaki, na kai shi waje ya mutu cikin sati. Me ya faru?

Kebbi ce ta faru da shi. Mai bidiyon yana zaune ne a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta rawa.

Fara da zafi. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40 a inuwa. Saka allo cikin baƙar roba, ka rataye a ƙarƙashin kwano, cikin robar ya wuce haka nesa. Sensar DHT11 da kowa ke saye don araha iyakarta digiri 50 ne, daga nan sai ta fara ƙarya. DHT22 tana kaiwa 80. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana saki a wannan zafi, sai ka tarar da allon yana lilo a jikin waya. Yi amfani da noti da farar roba, ka huda ramukan iska ta ƙasa.

Sai hunturu. Ƙura tana shiga ramukan allon gwaji ta hana wayoyi kamawa, shi ya sa duk abin da zai kwana a waje dole a liƙe shi da dalma. Bushewar iska kuma tana tara wuta a jikin mutum, irin wadda kake ji ta tsunkule ka in ka taɓa ƙofar mota. Wannan ɗan tsunkulin yana kashe guntu ba tare da ka ga hayaƙi ba. Taɓa ƙarfen taga kafin ka taɓa allo.

Damina na zuwa da nata: danshi, tsatsa, tururuwa da ke son ɗumin akwati, da tsawa da ke bin doguwar waya. Sensar danshin ƙasa mai yatsu biyu na ƙarfe tsirara takan cinye cikin 'yan makonni a fadama, domin wutar da ke bi ta cikinta ita ke cin ƙarfen. A nemi mai rufaffen jiki, a shafe gefenta da abin hana ruwa.

Na ƙarshe wutar kanta. Caja mai arha da ke kan janareta tana fitar da wuta mai datti, allon ya riƙa farawa daga farko ba dalili. Kafasito babba a bakin shigar wuta tana rage wannan. A kuma kunna agogon tsaro da ke cikin ƙwaƙwalwar, wanda ke ta da ita da kansa in ta sandare, don ba wanda zai hau babur zuwa gona ya danna maɓalli.

Wane abu ka haɗa da ya amfani wani ban da kai?

Wanda na fi so shi ne na albasa. Duk wanda ya san Aliero ya san yadda manomi ke zuba albasa a rudu bayan girbin rani yana jiran ta yi tsada, da yadda ruɓa da tsiro ke cinye wani kaso kafin lokacin. Albasa tana son busasshiyar iska mai yawo, danshi wajen kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. In ya haura sosai, ruɓa ta samu ƙofa.

Na'urar ba wata abar mamaki ba ce: sensa uku, ɗaya a ƙasan tarin, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama, da ƙaramin faifan sola da batir. Ba gilashin rubutu, sai ƙwai kore da ja. Na fara ne da tunanin lambobi da zane a waya, amma wani dattijo mai ajiyar albasa ya ce shi abin da yake so kawai ya sani shi ne yau zai buɗe ya juya ta ko ya bar ta. Ja ya kama, a buɗe. Ba ta hana ruɓa, hanci da hannun manomi sun fi ta sanin albasa. Amfaninta shi ne tana jin tsakiyar tari, inda hannu ba ya kaiwa sai an rushe.

Ina so famfo ya riƙa kashe kansa in tanki ya cika. Rile ɗin nan mai shuɗi ya isa?

Bai isa ba, ko da an rubuta amfiya 10 a jikinsa. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya yana jan ninki biyar ko fiye na wutarsa a lokacin tashi, kuma wannan fizgar tana narka bakin ƙaramin rile har ya manne, famfo ya ƙi mutuwa. Bari ƙaramin rile ya kunna kwantakta, wato babban rile mai jure wuta mai yawa, ita kuma ta ɗauki famfon. Ɓangaren bolt 230 kuma a kira mai wayarin ya haɗa, in ba ka taɓa yi a gaban malami ba.

Wajen awon ruwan tanki, sensar HC-SR04 tana aika sauti ta jira dawowarsa, tana gani daga santimita 2 zuwa mita 4, amma tururin cikin tanki yana kashe ta. JSN-SR04T ce mai jure ruwa. Ga wani abu da bidiyo ba ya faɗa: gudun sauti mita 343 ne a daƙiƙa a digiri 20, amma a digiri 40 ya kai wajen 355. A tanki mai zurfin mita 2 kuskuren ya kusa santimita 7. Sa zafin cikin lissafi.

Zan iya sa ta riƙa turo mini saƙo?

Za ka iya, da SIM800L, ƙaramin allon da ake sa wa layin waya. Tana son bolt 3.4 zuwa 4.4, kuma tana fizgar har amfiya 2 lokacin da take neman sabis, don haka ba ta rayuwa a kan wutar Arduino, sai an ba ta batirinta. Layin ma sai mai rajista da NIN, kuma in an daɗe ba a sa masa kuɗi ba za a rufe shi.

Shawarata ita ce kada aikin na'urar ya rataya a kan sabis. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga haka a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar saboda matsalar tsaro. Na'urar da sai ta tambayi intanet kafin ta kashe famfo, ranar ta zama kwali. Hukunci ya kasance a cikin allon, saƙo ya zama ƙari.

Dalmar nan ba ita ce ta kashe yara a Zamfara ba?

Ita ce. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Wayar liƙi da muke saye kashi 60 kuza ce, 40 dalma. Adadin da ke hannunka bai kai na can ba, kusa ma bai yi ba, amma hanyar shiga jiki ɗaya ce, daga hannu zuwa baki. Kada ka riƙe ta da haƙori, kamar yadda na ga masu gyara da yawa suna yi don hannu biyu sun cika. Kada ka ci ƙuli-ƙuli kana liƙi. Wanke hannu da sabulu, share ɓurɓushin, kada ka yi aikin a tabarmar da ƙanenka ke rarrafe. Hayaƙin kuma na ƙaron da ke cikin wayar ne, yana ta da asma, a buɗe taga.

Batirin 18650 da ake cirowa daga tsohuwar kwamfuta shi ma a girmama shi. Cikarsa bolt 4.2, a yi cajinsa da allon caji TP4056 mai kariya, wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa a rabu da shi, kuma ba a barinsa kan katifa yana caji a tafi masallaci.

Ɗana ya cika ɗaki da tarkace, kuɗin abincinsa yana tafiya a wayoyi. Wannan ba zai hana shi karatu ba?

Baba, damuwarku tana kan hanya, don akwai waɗanda abin ya ɗauke wa hankali har sakamako ya faɗi. Ku sa masa sharaɗi: in jarrabawa ta matso, a rufe akwatin. Amma kada ku raba shi da shi. Lissafin da ake koya masa a aji, a kan wannan tebur yake ganin amfaninsa, kuma ranar da ya je neman wurin SIWES, wanda ya ajiye abin da ya haɗa a gaban injiniya ba a yi masa kallon wanda ya zo da takarda kaɗai. Ku ce ya nuna muku abu ɗaya da ya gama yana aiki. In duk rabi-rabi ne, to nan ne ya kamata ku yi masa faɗa.

Ni mace ce, kuma ba na son zaman shagon masu gyara. Akwai hanya?

Akwai, ƙanwata. Aikin nan tebur ɗaya yake buƙata, a cikin gida ma ya yi. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin wannan fanni, Adafruit, mace ce ta kafa shi a 2005, injiniya Limor Fried, kuma darussanta suna nan kyauta. Ki dai ɗaure bakin hijabi ta baya in za ki yi liƙi, ƙarfen yana haura digiri 300 kuma yadin roba ba ya jira.

Ba ka tsoron a tare ka a hanya da jaka cike da wayoyi da batir?

Tambaya ce ta gaske a yankinmu. Jami'in da ke shingen bincike tsakanin Jega da Koko bai san Arduino ba, abin da ya gani shi ne waya da batir da layin waya a cikin roba. Ka riƙe katin makaranta da takarda daga sashenku, ka cire batirin ka ajiye daban, ka manna wa akwatin suna da aikinsa. In an tambaya ka buɗe da kanka cikin ladabi. Abin toshe sabis da na'urar watsa shiri ba lasisi kuwa, ka bar su gaba ɗaya, doka ta hana. Haka jirgi marar matuƙi, sai da izini.

In ka saki komai kyauta, wani ba zai kwashe ya yi kuɗi da wahalarka ba?

Zai iya, kuma lasisin ya yarda. Abin da za ka zaɓa shi ne sharaɗi. Lasisin MIT ya ce a yi komai, a dai bar sunanka a jiki. GPL ya ce wanda ya gyara ya rarraba, dole shi ma ya saki nasa gyaran. Na zanen allo akwai lasisin da cibiyar CERN ta fitar a 2011, aka sabunta a 2020. Ni GPL nake sa wa manhajata, don ina son gyaran ya dawo.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, mene ne sirrin da ke cikin na'urar tankina? Manhajar da ke karanta sensar wani ne ya rubuta ya bari. KiCad da nake zana allo da shi, Jean-Pierre Charras ya fara shi a Faransa a 1992, ban biya kowa ba. In na kulle ɗan abin da na ƙara, na zama kamar mai maganin gargajiyan da ya karɓa daga kakanni ya ƙi gaya wa 'ya'yansa.

Kuɗin ma ba a zanen yake ba. Mai gidan da ke unguwar Gesse a Birnin Kebbi ba zai sauke fayil ya kama ƙarfen liƙi ba. Yana biyan wanda zai zo ya hau tanki, ya ɗaura, ya ɗaga waya in ta lalace. Wanda ya kwafe ni a Yawuri bai ɗauke mini ciniki ba, don da ma ba zan je Yawuri gyaran famfo ba. Wanda yake ganin ya ƙirƙiro sabon abu na gaske, wanda ba a taɓa yi ba, shi ya nemi rajistar haƙƙin ƙirƙira kafin ya saki, hukumar NOTAP tana taimakawa, kariyar kuma shekara 20 ce. Sai dai ya sani in ya riga ya baza, ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Za ka haɗa mini furojet ɗina na ƙarshe in biya ka?

A'a. Zo da naka mu zauna mu nemo inda ya ƙi. Ɗaukar buɗaɗɗen zane ka gina a kai ba laifi ba ne, muddin ka faɗi inda ka samo ka kuma nuna abin da ka ƙara.

Mitar gidanmu tana shan kuɗi, ba za ka ɗan taɓa ta ba?

Ba na taɓawa. Laifi ne a doka, kuma haɗari ne. Abin da zan iya shi ne in haɗa maka mai auna abin da kowane kaya ke ci, ka ga ko firiza ce ko hita.

Na gama tawa. Me zan saki, kuma a ina?

A GitHub, shafin intanet da masu manhaja ke ajiye ayyukansu, ko makamancinsa. Sa manhajar, zanen haɗin, hotuna na kusa, da jerin kaya. A jerin ka rubuta abin da zai iya maye gurbin kowane guntu in ba a same shi ba, don wanda ke Zuru ba lallai ya sami irin naka ba. Rubuta abin da bai yi aiki ba tukuna. Bayanin ka yi shi da Hausa da Turanci, kuma ka sa fayil ɗin lasisi, domin in babu shi doka tana ɗauka ba ka ba kowa izini ba, ko da abin yana fili.

Sannan ka buga zanen a takarda, ka sa a leda, ka manna a cikin murfin akwatin tare da ƙimar fiyus da ƙarfin batir. Kai za ka tafi bautar ƙasa wata jiha, kuma mai gyaran rediyon unguwa ne za a kai wa ita.